Wa ke biyan kuɗin awa ta farko bayan haɗari?

Ummu Sadik, Kano:
Jama'a, ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ƙanena ya faɗi a babur da daddare, ƙafa ta karye har ƙashi ya fito. Ma'aikatan sashen gaggawa sun karɓe shi nan take, Allah ya saka musu. Sai dai aka miƙo mini takarda: safar hannu, ledar ƙarin ruwa, allurar kashe zafi, bandeji, jini leda biyu. Kuɗin mota kawai ke jakata. Na yi ta kiran dangi yana kwance yana zubar da jini. Ina kuɗin da doka ta ware wa jinyar gaggawa suke shiga?

Nas mai aikin dare:
Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Mu ma takardar nan ba daɗin rubuta ta muke ji ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana mu mayar da mai buƙatar gaggawa, har da tarar N100,000 ko ɗaurin wata shida. Amma in kabad ɗin babu komai, da me zan ɗinke rauni? Sau da yawa karo-karo muke yi a junanmu mu sayo kaya. Dokar ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa. Kano kuma ta kafa asusun tallafa wa kiwon lafiya na jiha, KHETFUND, a 2017, da kashi 5 na harajin cikin gida da kashi 1 na kason ƙananan hukumomi. Ni dai buƙatata majalisar jiha ta yanke wani kaso da sunan sashen gaggawa kaɗai, a riƙa bayyana abin da aka saki duk wata.

Direban hanyar Zariya:
Na taɓa kwasar mutum biyu da tirela ta buge. Aka riƙe ni, wai in ajiye kuɗi tunda ni na kawo su. Tun ranar abokan aikina da yawa ba sa tsayawa, kuma wallahi abin yana damuna.

Baban Hanifa, Atlanta:
Malam direba, Allah ya biya ka. Nan jihar Jojiya ta Amurka tun 2010 duk wanda aka kama da mugun gudu yana biyan ƙarin dala 200, an sa shi ne don tallafa wa cibiyoyin jinyar masu haɗari. Na ga an ɗauki maƙwabcina zuwa tiyata ba a tambayi ko sisi ba, kodayake takardar kuɗin da ta biyo baya mai nauyi ce. Tarar da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ke karɓa fa, me zai hana a gutsura wa sashen gaggawa?