Fulogi Shida Ko Huɗu? Muhawarar Dangi Kan Motar Ɗan Jami'a

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Kamar yadda kuka ji, ɗanku ya samu gurbin karatu a jami'a, kuma makarantar da nisa, tafiyar awa huɗu ce a babbar hanya. Na yi niyyar saya masa mota ta hannu. Na ga wata Camry ƙirar 2012, lafiyayya, mai fulogi shida, injinta lita 3.5. Ummansa ta ce sam ba ta yarda ba. Ni kuwa abin da na tsaya a kai shi ne, a babbar hanya ƙaramin inji ne ke halaka mutum. Ka fito za ka wuce tirela, ka taka totur mota ta ƙi tashi, ga wata ta taho a guje. Mai ƙarfi kuwa kafin ka ƙifta ido ka koma hannunka. Duk mai abin cewa ya faɗa, ban biya kuɗi ba tukuna.

Umma: Wa alaikumus salam. Yaron nan shekararsa 18, wata biyar ke nan da karɓar lasisinsa. Ni a saya masa 'yar ƙarama, mai inji 1.0 ko 1.3, wadda ko ya taka ta har ƙasa ba inda za ta. Ba na barci in na tuna shi a cikin waccan.

Gwaggo: Ina bayan Umma. Yaya, kai da ka shekara talatin kana tuƙi kake auna shi da kanka.

Kawu: Yaya, Allah ya ƙara girma, a yi mini haƙuri, amma ni da nake kwana a ƙarƙashin mota ban yarda da kai ba, ban kuma yarda da Yayata ba. Bari in fara da taka. Waccan mai fulogi shida ƙarfin doki 268 gare ta. Ƙanwarta mai fulogi huɗu, lita 2.5, bodi ɗaya, shekara ɗaya, doki 178. Wannan tazarar ta doki 90 kai za ka yi amfani da ita sau ɗaya a tafiya, lokacin da ka ga dama ta samu. Shi kuwa yaro ba haka zai ji ta ba. Motar shiru gare ta, ba ta karkarwa, ba ta kuka, sai ya duba allo ya ga yana kan 140 alhali jikinsa na gaya masa 90 yake yi. Sannan abin da ka kira ceto shi ne tarkon: mota mai tashi tana koya wa sabon direba shiga ratar da bai kamata ya shiga ba. Yau ya shiga ya fita, gobe ya shiga wadda ta fi ta ƙunci. Wanda motarsa ba ta da wannan zafin dole ya koyi jira a bayan tirela har hanya ta buɗe, kuma jiran nan shi ne tuƙi.

Yaya Babba: To ai maganata ka tabbatar. Mai jiran nan in ya ƙosa ya fito fa?

Kawu: Doki 178 ba jaki ba ne, Yaya. Tana wuce tirela lafiya lau da mutum huɗu a ciki da esi a kunne. Ko Corolla mai 1.8, doki 132, tana yi in an sauke giya. Wadda ke shan wahala ita ce irin wadda Yaya Umma ke so.

Umma: To ni me na yi kuma?

Kawu: Yaya, ke kin dubi inji kin manta da gwangwanin da ke kewaye da shi. Yawancin motocin da ke zuwa da 1.0 ƙanana ne ƙwarai, ba nauyi, hancinsu gajere. In aka yi taho-mu-gama da wadda ta fi ta nauyi, ƙaramar ce ke shan mafi yawan bugun, kuma ba ta da dogon gaba da zai lanƙwashe ya shanye shi kafin ya iso ƙafafun direba. Na sha ganin yadda ake jawo su garejinmu. A cikin gari, daga ɗaki zuwa aji, ba laifi. Amma awa huɗu tsakanin manyan motoci, ban ba da shawara ba.

Auta: In an ba ni dama in sa baki. Lissafin lita ɗin nan ma ya fara tsufa. Civic ƙirar 2016 mai inji 1.5 da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, doki 174 take bayarwa, kusan daidai da Camry mai 2.5. Ke nan in Umma ta ce kada a wuce 1.5, ana iya kawo mata 1.5 ɗin da ta fi 1.8 zafi nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne ƙarfin inji idan an gwada shi da nauyin motar. A Ostiraliya, jihohin Victoria da New South Wales sun hana masu lasisin gwaji tuƙa motar da ta wuce kilowat 130 ga kowane tan, wato wajen doki 175 ga tan guda. Na lissafa wadda Yaya ya gani, tana dab da bakin wannan iyaka. Italiya ma tana da dokar da ke taƙaita ƙarfin motar sabon direba. Ba don suna ƙin 'ya'yansu suka yi ba.

Yaya Babba: Auta, dab da iyaka ai ba ta wuce ba.

Auta: Haka ne Yaya, ba ta wuce ba. Amma ga abin da ya fi damuna. A gudun 120 mota na cin sama da mita 33 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙafarsa ta bar totur ta isa birki ya riga ya shafe wannan. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 80 zuwa 120 ƙarin rabi ne kawai a allo, amma nisan tsayawa ya haura ninki biyu. Babban inji yana kai ka 120 da wuri, ba ya taimaka maka ka dawo sifili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗanmu yana tsakiyar wannan rukuni.

Baffa: Ni tambayata daban. Dole ne sai da mota a shekarar farko? Yaro mai mota a makaranta direban abokai yake zama.

Yaya Babba: Baffa, Allah ya ja kwana, masaukinsa da nisa da ajin, an riga an wuce nan.

Baffa: To shi ke nan. Amma a sa masa ƙa'ida kan kwasar abokai da tafiyar dare. Mutum huɗu a mota suna ihu suna zuga shi sun fi kowane inji haɗari.

Gwaggo: Bari in faɗi abin da ya same ni, wataƙila ya yi amfani. Bara ina gaban mota, ɗiyar maƙwabciyata ke tuƙi, ita ma sabuwar hannu ce. An yi ruwa an ɗauke, kwalta na sheƙi. Muka shiga wata kwana da ɗan gudu, sai na ji bayan motar ya fara zamewa gefe, kamar an ja tabarma a ƙarƙashinmu. Yarinyar ta ƙanƙame sitiyari ta rufe baki, ni ina salati. Sai na ji wani gurnani a ƙasa, gir-gir-gir, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa tana ƙyaftawa a allo, motar ta miƙe da kanta. Da muka tsaya hannunta rawa yake, ta ce wallahi Gwaggo ba ni na gyara ta ba. Har yau ban san sunan abin ba, amma ina so motar ɗanmu ta kasance da shi.

Kawu: Gwaggo, kin zo kan maganar da ta fi duk wadda muka yi. Na'urar hana mota ƙwacewa ce, ESC. Toyota na kiran tata VSC, Honda VSA. Tana lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar ke tafiya a zahiri. In suka saɓa sai ta kama birkin taya ɗaya ita kaɗai, ta rage wa inji wuta, abin da ƙafar mutum ba za ta iya ba don feda ɗaya gare shi. Amurka ta wajabta ta a kan sababbin motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai daga ƙarshen 2014. Wadda ta girmi haka, ko aka ƙera don wata kasuwa, sai an duba. Dubawar ba wuya: ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, fitilun allo za su kama gaba ɗaya, ka nemi hoton 'yar mota da layi biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta. Ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, ko dai babu na'urar ko an cire ƙwan don a ɓoye matsala. Haka fitilar jakar iska da ta ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi.

Umma: To Kawu, a taƙaice me kake so a saya?

Kawu: Matsakaiciyar mota mai nauyinta, fulogi huɗu ba turbo, tsakanin 1.8 da 2.5, mai wannan na'ura da jakar iska ta gefe. Ga sauƙin mai ga ɗalibi, ga sauƙin gyara, don a mai shida fulogi uku na can baya a matse, aikin ya fi tsawo. Rarar da aka samu a zuba ta a taya huɗu sababbi. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT: in ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Na sha ganin taya mai zane kamar sabuwa alhali robar ta bushe ta tsattsage.

Umma: In dai da na'urar nan, na janye maganar 1.0. Amma 1.8 nake so, ba 2.5 ba.

Yaya Babba: Ni har yanzu ina ganin ranar da zai buƙaci ƙarfin nan tana nan tafe, kuma ba wanda ya nuna mini cewa ba ta zuwa. Sai dai maganar Kawu ta shiga ratar da ba ta kamata ba ta tsaya mini a rai, don na san halin ɗana, ba ya son a riga shi. Na haƙura da mai shida. Amma 2.5 ɗin nan ban sauka daga kanta ba, bodinta ya fi na Corolla girma, kuma ku da kanku kuka ce nauyi na da amfani.

Auta: Nan kam Yaya yana da hujja, Umma.

Umma: Sai na ga yadda take tashi da idona.

Kawu: To a nemo guda biyun, mai 1.8 da mai 2.5, ranar Asabar a kawo mini su gareji in ɗaga su in duba ƙasa. Yaya, a taho da yaron, shi zai tuƙa ina gefensa, Yaya Umma tana baya.