Bulo, maho ko gida? Neman sunan yanki ɗaya na bargon ƙyalle

Jama'a, assalamu alaikum. Ina koyar da ɗinki a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma wata kalma ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Yarana sun ga wani bargo a YouTube, irin wanda matan Amurka ke haɗawa da guntayen ƙyallaye, suka ce sai mun yi kafin sanyin Disamba. Bargon da Turanci ana ce masa quilt, kowane yanki mai kusurwa huɗu da ake ɗinkawa daban kafin a haɗa kuma block. Wannan na biyun nake nema wa suna da Hausa. Na tambayi jama'a, wasu sun aiko da shawarwari.

Ga yadda abin yake, don wanda bai taɓa gani ba. Ki yanka ƙyalle 9, kowanne inci 4½ tsawo da faɗi, 5 masu duhu 4 masu haske. Ki jera su uku-uku, ki ɗinka layi-layi, kina barin kwatan inci a kowane baki. Bayan kowane layi sai guga, a kwantar da bakin ɗinkin wajen mai duhu don kada ya nuna. In kin haɗa layukan uku kin samu yanki mai inci 12½, wanda zai koma 12 cif idan ya shiga cikin 'yan'uwansa. Irinsa 42, shida a faɗi bakwai a tsawo, sun ba ki fuskar bargo mai inci 72 da 84. Kwatan incin nan shi ne ran aikin. In ya kuɓuce kaɗan, kusurwoyi ba za su haɗu ba, kuma ido zai gani tun daga bakin ƙofa.

Yaran sun riga sun fara cewa "bulo". Ban yarda ba. Bulo ya daɗe da zama ɗan gida a Hausa, amma na siminti ne. Ki ce wa mahaifiyarki kin ɗinka bulo goma yau, ki ga irin kallon da za ta yi miki.

Wata 'yar'uwa ta rubuto cewa "maho" ko "faci". Yaya, na gode, amma ki duba: maho sai inda ya yage. Tufa ce ta samu rauni aka rufe mata. A nan kuwa babu abin da ya huje, da gangan ake yanka atamfa mai lafiya a sake jera ta. Kuma maho yana ɗauke da ƙanshin talauci, ba na so yarinya ta yi wata biyu a kan keke sannan a ce ta kai wa amarya bargon maho.

Jiya na shiga Kasuwar Barci sayen ragowar yadi wajen teloli. Na nuna wa wani dattijo hoton a waya, ya riƙe ta nesa da ido, ya ce, "'Yata, ai wannan gidan dara ne." Na ce, "Baba, sake faɗa." Ya ce duk zane mai ɗaki-ɗaki haka, tun suna yara gidan dara suke ce masa. Wallahi nan take na ji abin ya zauna. Dara gidajenta 30 ne, biyar sau shida, a jere kamar yadda muke jera yankunan nan a kan tabarma kafin a haɗa.

Don haka nake ba da shawarar "gida". Gida ɗaya, gidaje 42. Ƙyallayen da ke ciki su ne ɗakuna, wanda na kwatanta a sama ya zama gida mai ɗaki tara. Abin da ya ƙara mini ƙarfi shi ne su kansu masu abin sun yi irin wannan tunani. Ɗaya daga cikin tsofaffin zanensu, wanda ya yi tashe a shekarun 1860 lokacin yaƙin basasar Amurka, sunansa bukkar katako. Ana sa jan ƙyalle a tsakiya a matsayin murhu, a yi ta kewaye shi da siraran yanka kamar ana gina bango, gefe ɗaya haske gefe ɗaya duhu.

Wani malami daga Zariya ya tunatar da ni abin da na sha gani a hawan sallah ban taɓa haɗa shi da wannan ba: lifidi. Yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, a bi da ɗinki don kada ta taru wuri guda. Malam, Allah ya saka da alheri. Ashe dabarar tana jikin dawakin sarakunanmu tun zamanin yaƙi da kibiya. To ɗinkin ƙarshe da ke ratsa fuska da auduga da shafi, mu ce masa ɗinkin lifidi. Shi kuma abin gaba ɗaya, bargon ƙyalle.

Akwai wadda ta ce "gida" zai rikita mutane, tunda kalmar ta yi yawan aiki. Gaskiya ne, Anti. Amma muna cewa gidan maɓalli, muna cewa gidan sauro, ba wanda ya taɓa ɓata. A gaban keke da almakashi, in na ce "kawo gidanki in duba kusurwa", yarinya ta san me nake nufi.

Ran Asabar za mu yanka na farko. Duk telan da ke da ragowar atamfa ko shadda da bai san yadda zai yi da su ba, kada ya ƙona, ya ajiye mana. Masu duhu muka fi buƙata.