"Mai nema yana tare da samu": har a addu'a ma?

Ɗan Mawaƙa: Salama gare ku. Ana yawan haɗa karin maganar nan da Matiyu 7:7, inda Yesu ya ce a roƙa za a bayar, a nema za a samu, a ƙwanƙwasa za a buɗe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a Matiyu 6:8 shi da kansa ya ce Uba ya san bukatarmu tun ba mu buɗe baki ba. To in ya riga ya sani, roƙon na mene ne?

Mamar Zumunta: Ɗana, buɗe Markus 10. Bartimawas makaho yana zaune bakin hanyar Yariko yana ta kururuwa, jama'a na kwaɓarsa, shi kuwa sai ƙara ɗaga murya yake. Da aka ce ana kiransa, ya yar da mayafinsa ya zabura. Yesu na kallonsa ƙiri-ƙiri, amma sai da ya tambaye shi me yake so a yi masa. Wa bai san abin da makaho ke so ba? So yake ya ji daga bakinsa. Ba labari muke kai wa Allah ba, kanmu muke kai masa.

Mai Ja-in-ja: Mama, a yi mini aikin gafara, ban yarda karin maganar ta dace a nan ba. Ta mai fafutuka ce, wanda ake ƙarfafa wa gwiwa kada ya zauna. Bulus ya roƙa har sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, 2 Korintiyawa 12, ba a cire ba. Ina samun?

Baba Dattijo: Ya samu mana. An amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi.

Mai Ja-in-ja: Baba, wannan ai zamewa ce. Ka roƙi abu, a ba ka wani daban, sannan a ce ka samu?

Baba Dattijo: Yaro, karin maganar ba ta ce mai nema yana riƙe da samu ba, tafiya dai suke yi tare. Yaƙub da Yahaya sun roƙi zama dama da hagun Yesu, ya ce musu ba su san abin da suke roƙo ba. Shi kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya ƙara da cewa nufin Uba za a yi. Bai ɓoye abin da yake so ba, bai kuma tilasta ba. Littafin Yaƙub 4:2-3 ma ya ce wasu ba su samu don ba su roƙa ba, wasu kuma sun roƙa da mugun nufi.

Malamar Makarantar Lahadi: Ayar nan ta ƙarshe ce nake tsoron yadda ake jifan mutane da ita, Baba. Macen da ta shekara da shekaru tana kukan haihuwa kamar Hannatu, sai wani ya ce mata mai nema yana tare da samu. Abin da kunnenta zai ji shi ne ba ta nema da kyau ba. Ni wanda ya gaji ya daina addu'a nake gaya wa karin maganar nan, in haɗa masa da gwauruwar Luka 18 da ta addabi alƙali. Wanda ke tsakiyar kuka kuwa, gara a durƙusa tare da shi.

Mai Ja-in-ja: Wannan kam na yarda. Amma maganar Bulus ba mu gama ta ba, Baba.