Me ake nufi da THC? Ga abin da na tsinta daga hirarmu

Jama'a ga taƙaitaccen abin da aka tattauna, don naga da yawa suna faɗin THC kamar wani sunan wiwi ne, alhali ba haka bane. THC gajarta ce ta tetrahydrocannabinol, sinadari ɗaya ne daga cikin sama da 100 irinsa da ke jikin ganyen, amma shi ne babban mai bugarwa, shi ke kama ƙwaƙwalwa ya canza tunani, ya sa yunwa, ido yayi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri. Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace shi suka gano tsarinsa a Isra'ila a 1964.

Shawarar da aka fi nanatawa, kar a ɗauka ɗaya suke da CBD (cannabidiol, wani sinadarin na daban a ganyen wiwi), shi CBD baya bugarwa duk da tushensu ɗaya. In kaga an rubuta THC da kaso a jikin kaya to ƙarfinsa ake nufi, kuma yawan kason shi ne yawan haɗarin firgita da ruɗewar hankali, musamman ga matasa da ƙwaƙwalwarsu bata gama girma ba, wallahi nan ne abin ya fi damuna. Masu ciki da waɗanda ke da taɓin hankali a danginsu an ce su nisance shi gaba ɗaya.

Wani ya ƙara da cewa sinadarin yana maƙalewa a kitsen jiki, shi yasa gwajin fitsari kan nuna shi makonni bayan mai yawan sha ya daina.