Neman shawara: tsire-tsire masu kaurin ganye a mazubi ɗaya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na haɗa tsire-tsire biyar masu adana ruwa a ganyensu a cikin wani faffaɗan kwanon gilashi wanda ba shi da huji a gindi: Echeveria biyu, Haworthia ɗaya, wata ƙaramar alobera, da Lithops, wanda yake kama da tsakuwa. Na shimfiɗa tsakuwa a ƙasan kwanon kafin in zuba ƙasa, ina kuma yayyafa musu ruwa sau biyu a mako. Yanzu Lithops ɗin ya yi laushi ya narke, Echeveria sun miƙe sun yi tsawo har ganyensu ya yi nisa da juna, Haworthia kaɗai ke nan lafiya ƙalau. Ina roƙon masu sani su nuna mini inda na kuskure.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar ta fara ne daga kwanon. Tsakuwar da aka shimfiɗa a gindi ba ta maye gurbin huji, domin ruwa ba ya sauka cikin sauƙi daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai ya tsaya a samanta, kusa da saiwa, wadda ita ce ke fara ruɓewa. Ki nemi tukunyar yumɓu marar fenti mai huji, domin bangonta yana barin danshi ya fita. Ki haɗa ƙasar shuka kashi ɗaya, yashi mai kauri kashi ɗaya, ƙananan tsakuwa kashi ɗaya, ki gauraya su gaba ɗaya. Yayyafi kuma ki bar shi: ki jiƙa ƙasar sosai har ruwa ya ɗiga ta hujin, sannan kada ki ƙara sai kin soka tsinke har gindi ya fito a bushe.

Amsa ta biyu:
Maganar Malam gaskiya ce, amma ko da kin sauya tukunya, 'yar'uwa, waɗannan biyar ɗin ba za su zauna lafiya tare ba, domin kamannin ganye ne kawai ya haɗa su. Lithops ɗan busassun wuraren Namibiya da Afirka ta Kudu ne, kuma duk shekara yakan fitar da sabbin ganye biyu waɗanda ke tsotse ruwan tsofaffin; a wannan lokaci ba a ba shi ruwa ko kaɗan, don haka shi kaɗai ake ajiye shi a tukunyarsa. Echeveria, waɗanda akasarinsu daga Meziko suka fito, suna son haske mai yawa, kuma tsawon da suka yi neman rana ne. Ita kuwa Haworthia a ƙasarta takan tsiro ne a inuwar duwatsu da ƙananan bishiyoyi, shi ya sa wurin da ya cutar da sauran ya yi mata daidai. A ganina, ki haɗa Echeveria da wasu masu kaurin ganye irin su Sedum ko Crassula a inda rana ke isa, Haworthia kuma da 'yar'uwarta Gasteria a inda haske yake da sauƙi. Aloberar ma ki ware ta tun yanzu, domin za ta girma ta fitar da 'ya'ya ta danne maƙwabtanta.

Amsa ta uku:
Echeveria da ta riga ta miƙe ba ta komawa yadda take. Ki yanke kanta da wuƙa mai tsabta, ki bar shi a inuwa kwana uku ko huɗu har bakin yankan ya bushe, ki dasa, ki jinkirta ruwa kamar mako guda. Kada ki yar da kututturen, yakan sake tohowa. Fitar da su rana kuma a hankali ake yi, in ba haka ba ganyen zai ƙone ya yi tabon da ba ya gogewa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwanon gilashin kyauta ce, ba na son in yar da shi. Babu wata dabara?

Amsa ta farko:
Akwai, Malama. Ki sa ƙaramar tukunya mai huji a cikinsa, ki riƙa ciro ta idan za ki ba da ruwa, sai ta gama ɗiga ki mayar.