Hotunan tekun nan na Midorikawa, ya aka yi launin ya fito haka alhali babu kwamfuta?

MaiHoto_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masana ku taimaka min da wani abu da ya tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ni dai aikina hoton biki ne da fasfo, ban taɓa damuwa da hoton dutse ko ruwa ba, to ina cikin latse-latsen waya da daddare sai na faɗa kan hotunan wani ɗan Japan mai suna Yoichi Midorikawa, teku ya ɗauka amma wallahi ruwan kamar an watsa masa duwatsun leshi, nan ja nan kore nan shuɗi sai ƙyalli suke, ga tsibiri can baya shi kuma yana nan yadda yake. Na ce ai wannan Photoshop ne, sai na ga ashe mutumin a 1915 aka haife shi, littafinsa na tekun kuma tun 1962 ya fito. To a lokacin ina Photoshop? Fenti ya shafa ne ko wani siddabaru ake yi wajen wanki? In da hali ina so in gwada.

TsohonFim:
Wa alaikumus salam. Yaro ba fenti ba ne, a cikin kyamara ake gama aikin. Ku da kuka taso da kati ba ku san wahalar da muka sha ba, a da in ka manta ba ka murɗa fim ba ka sake dannawa, hoto biyu ne za su hau kan juna. Ni da kaina na taɓa ɗora kan amarya a kan motar kai lefe, ranar na sha zagi wajen dangin ango har na ƙoshi. To abin da mu muke kira kuskure shi mutumin nan ya mayar sana'a, yana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa a kan fim ɗaya, yana sauya gilashi mai launi a bakin kyamarar.

Ga yadda lissafin yake. Farin haske haɗin ja da kore da shuɗi ne. Ka kafa kyamara a kan ƙafarta kar ta motsa ko kaɗan, ka sa jan gilashi ka danna, ka cire ka sa kore ka danna, ka sa shuɗi ka danna, duk a gurbi ɗaya. Duk abin da bai motsa ba, dutse ne ko tsibiri, ya samu rabonsa daga ukun, sai su haɗu ya fito da launinsa na gaskiya. Ruwa fa? Ruwa ba ya jiran kowa. Inda rana ta yi walƙiya a kansa lokacin jan gilashi ba nan za ta yi ba lokacin kore, don haka wannan ɗigon ja kawai ya samu, wancan kore kawai, inda ja da kore suka dace wuri ɗaya sai ka ga ruwan ɗorawa. Shi ke nan sirrin. Wahalar ita ce ba ka ganin komai sai an wanke, in ka zubar da haske da yawa a ɗaya daga ciki duk hoton ya rine, kuɗin fim ya tafi.

Ummu_Hanan:
Baba ya gama magana a ɓangaren aiki, bari in ɗan ƙara a kan mutumin don abin da ya fi burge ni shi ne ba ma hoto ya karanta ba, likitan haƙori ne fa, yana da asibitinsa a garin Okayama, ya gama da marasa lafiya ya saɓi kyamara. Ya rasu a 2001. Mutanensa laƙabi suka sa masa da ke nufin mai sihirin launi.

Tekun kuma sunansa Seto, yana tsakanin uku daga cikin manyan tsibiran ƙasar wato Honshu da Shikoku da Kyushu, cike yake da ɗaruruwan ƙananan tsibirai, yana cikin wuraren farko da Japan ta ayyana a matsayin gandun ƙasa a 1934. Kuma ina ga wurin ma ya taimake shi, saboda ƙasa ta kewaye ruwan ba ya hauka irin na babban teku, yankin kuma ba a cika ruwan sama ba, to kun ga ruwa kwance ga rana, abin da dabarar ke nema kenan. Shi ɗan yankin ne, bakin ruwan nan ya tashi, ba baƙo ba ne da ya zo yawon kwana uku ya tafi.

Sarkin_Musu:
Ku yi haƙuri ni fa ban ga abin yabo ba. In na kalli hoton wuri so nake in ga wurin yadda Allah ya yi shi, wa ya taɓa ganin teku ja da kore kamar kantin ƴan kwalliya? Wannan da filtar da yaran nan ke sawa a Snapchat duk kanwar ja ce, bambancin kawai shi ya daɗe da mutuwa shi ya sa ake girmama shi.

Ummu_Hanan:
Malam wannan musun naka an yi shi a Japan tun kafin a haife mu. Bayan yaƙin duniya na biyu akwai Ken Domon, babban mai hoto, shi ya kafe a kan cewa hoto gaskiya tsagwaronta zai nuna ba shiri ba gyara, shi ne ya je ya ɗauki waɗanda bam ɗin Hiroshima ya raunata ya fitar da littafi a 1958. A gefe guda ga Shoji Ueda, abokin Midorikawa, yana jera matarsa da ƴaƴansa a kan tudun rairayin Tottori kamar ƴan dara yana ɗauka. Duk su biyun yau ana ji da su. Ni dai inda na saɓa maka shi ne maganar filta, filta launi ɗaya take zuba wa komai ko da wa, wannan kuwa ruwan ne da kansa yake raba launin, kowane ɗigo yana gaya maka a wace daƙiƙa rana ta taɓa wurin. Ko mai kyamarar bai san yadda za ta kaya ba.

Sarkin_Musu:
To Hajiya na ji, amma ba zan rataye shi a falona ba.

Issoufou_Yamai:
Hhhh Sarkin musu ba a kada kai. Ɗan uwa mai tambaya ni na gwada abun ga bara a bakin kogin Kwara nan Yamai, kuma ba sai ka sayi gilashi ba in kyamararka ta zamani ce. Hoto ukku na ɗauka a jere ban taɓa saitin ba, na kai su kwamfuta, a GIMP na yi, wata manhajar gyaran hoto irin Photoshop, don kyauta ce, na ciro sashen ja na hoton farko, kore na na biyu, shuɗi na na ukku, na haɗe. Gwajin farko ɓaci ya yi saboda wajen danna maɓalli na girgiza kyamarar, gada da itatuwa duk suka yi baki-baki ja da shuɗi kamar jaridar da injin ya goce wajen bugawa. Na biyu na sa mai ƙidayar daƙiƙa biyu na janye hannuna, wallahi da na haɗa sai da na kira ƙanena ya zo ya gani, ga gaɓar kogi daidai, ruwan kuwa sai walwali, kuma wani mai kwalekwale da ya ratsa ya fito sau ukku kowane da launinsa.

Shawarata ka fuskanci rana, da hantsi ko bayan la'asar sa'ad da ta kwanta a kan ruwa, in rana na bayanka ba walƙiya ba abin da za ka samu. Kuma ka guji ranar iska in akwai ganye a gaba, sai dai in kana so su ma su rine.

TsohonFim:
Madalla Isuhu. Ai abin ma ya girmi Midorikawa, akwai Barashen nan Prokudin-Gorsky da ya zaga daular Rasha wajen 1909 zuwa 1915 yana ɗaukar kowane wuri sau uku da gilashi ukun nan don ya samu hoto mai launi, in ka duba hotunansa na koguna za ka ga ruwan ya yi bakan gizo. A wurinsa aibi ne da ya rasa yadda zai yi da shi.

MaiHoto_Fagge:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma, Hajiya na gode. Asabar mai zuwa ba ni da biki, in sha Allah zan leƙa dam ɗin Tiga da sassafe. Sai dai ƙafar kyamarata ɗaya ta saki tana ɗan rawa, Isuhu in na ɗora ta a kan buhun yashi zai yi ko dole sai na ara?