Neman makaloli da labaran kasuwanci a ɗakin karatun jami'a: ta ina ake farawa?

Ɗalibar Marwa:

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a sashen tattalin arziki, kundina kan cinikin albasa ne daga Marwa zuwa Yawunde da Duwala da ƙetaren iyaka. Malamin da ke duba aikin ya ce in kawo makalolin mujallun ilimi aƙalla 15, in haɗa da labaran jarida kan farashi. Duk wadda na gano a Cairn, rumbun mujallun Faransanci na intanet, taƙaitawa kawai nake gani, sai a ce in biya da yuro. Don Allah ina mafita?

Ma'ajin Littafi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki biya ko sisi tukuna. Ki fara zuwa wurin ma'aikacin ɗakin karatu ki yi masa tambaya biyu: waɗanne rumbunan mujallu jami'a ke biya wa kuɗi a bana, kuma an yi rajista da Research4Life, shirin da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu tasowa mujallun ilimi? Dalili shi ne Cairn da makamantansa da adireshin intanet na jami'a suke gane mai karatu. Makalar da ta ƙi buɗuwa a wayarki da datar MTN ko Orange tana iya buɗewa sarai a kwamfutar ɗakin karatu, in dai jami'a ta biya. Shi kuwa Research4Life, jami'a ce ke rajista ba ɗalibi ba, kalmar sirri tana hannun ma'aikacin. Rassa biyar ne a ciki, naki shi ne AGORA na hukumar FAO, don nan ake tara abin da ya shafi noma da kasuwar amfanin gona.

In ma ba a biya ba, ƙofa ba ta rufe ba. Mujallu da yawa a Cairn suna kulle fitowar shekarun baya-bayan nan ne kawai, tsofaffin a buɗe suke, saboda haka ki dubi shekarar makalar kafin ki haƙura. Wadda ke kulle kuma, kwafi takenta gaba ɗaya ki sa a Google Scholar, ki latsa inda aka rubuta «versions» a ƙasanta. Sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a rumbunan kyauta irin HAL ko RePEc. In ba a dace ba, rubuta masa wasiƙa layi uku, adireshinsa yana shafin farko. Galibi suna turowa.

Amma ga albasar Marwa, inda arzikin yake ba Cairn ba ne. Ki nufi rumbunan cibiyoyin binciken Faransa biyu: Agritrop na CIRAD da Horizon na IRD, wadda a da ake kira ORSTOM. Masu binciken Faransa sun shafe shekaru suna rubutu kan noman rani da kasuwannin arewacin Kamaru, an ɗauki hoton mafi yawan rahotannin an zuba kyauta. Sai OpenEdition da Persée, sai mujallar Cahiers Agricultures da kowa ke iya buɗewa. Na Turanci kuma AJOL, rumbun mujallun Afirka, da JSTOR da ke barin mai asusun kyauta ya karanta makala 100 a wata a kan allo, ba saukewa.

Littattafan da ke jere a ɗakin karatun ma kada ki raina. In da tsarin Dewey aka jera, 338 na samar da kaya ne, 381 cinikin cikin gida, 382 na ƙasa da ƙasa, 658.8 dabarun sayarwa. Kundayen waɗanda suka riga ki yawanci a wani ɗaki daban suke, ba a fita da su. Ki buɗe shafukan ƙarshe na biyu ko uku, ki kwashe sunayen marubutan da suka maimaitu.

Malamin Ngaundere:

Malam ya gama magana kan makaloli. Ni inda nake ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne kalmar nema. Sai mutum ya rubuta jimla guda kamar yana tambayar ɗan'uwansa. Kalma biyu ko uku sun isa, da Faransanci, sannan a sake da Turanci: «filière oignon» Maroua, «commerce transfrontalier» Extrême-Nord, "onion value chain" Cameroon. Kalmar filière ita ce mabuɗi, da ita masana ke kiran hanyar kaya tun daga gona har hannun mai saye. Ki sa alamar zance a gefe biyu don kada injin ya wargaza su. In rahoton hukuma kike so, ƙara filetype:pdf.

Sunayen garuruwa ma tarko ne. N'Djamena da Ndjamena ba lallai su fito da sakamako ɗaya ba, kuma kafin 1973 Fort-Lamy ake rubutawa. Kusiri a tsofaffin takardu Fort-Foureau ce.

Sai alƙaluma, nan ne a yi hattara. Yawan amfanin gona yana FAOSTAT na hukumar FAO, fita da shigar kaya yana Comtrade na Majalisar Ɗinkin Duniya, lambar albasa a can 070310. To amma Comtrade abin da kwastan ta rubuta kaɗai yake nunawa. Buhunan da ke ratsa iyaka a babur ko kwalekwale ba sa ciki, don haka adadin yakan fito ƙarami har ya ba da dariya. Kada ki ɗauke shi a matsayin girman cinikin, ki faɗi gejinsa a babin hanyar bincike. Farashin kayan masarufi ki duba hukumomin ƙididdiga, INS a Kamaru, INSEED a Chadi, sai rahotannin BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya. In kina jera farashi na shekaru, ki tuna an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan ta saki naira a Yunin 2023. Tsallen da za ki gani a waɗannan wuraren ba na albasa ba ne. Canjin sefa da yuro kam ba ya motsi, yuro ɗaya sefa 655.957 ne.

Mémoire Online kuwa, shafin da ɗalibai ke zuba kundayensu, karanta ki ga yadda wasu suka tsara aiki, amma ba a tace abin da ke ciki. Kada ki ƙirga shi cikin goma sha biyar ɗin.

Ɗan Kusiri:

Batun jarida, rumbunan da ke tara jaridun duniya irin Europresse da Factiva tsada gare su, ki tambaya kawai ko akwai. In babu, Investir au Cameroun da EcoMatin sun fi kowa bin harkar kuɗi, Cameroon Tribune na kawo sanarwar gwamnati, L'Œil du Sahel kuma arewa ta sa gaba. Ɓangaren Chadi akwai Tchadinfos da Alwihda Info. Akwatin nema na shafukansu ba ya da ƙarfi, gara ki rubuta a Google: site:investiraucameroun.com oignon, ki taƙaita shekarun a wurin zaɓin lokaci.

Abu biyu ke ɓata labarin farashi. Ɗan jarida zai ce «buhu ya kai kaza», bai faɗi wane buhu ba, wace kasuwa, sari ne ko sayen ɗaiɗai. Buhun albasa ba shi da tsayayyen nauyi, wanda aka yi wa hula da raga ya fi na ƙasa nesa ba kusa ba, kuma farashin kakar albasa da na damina sama da ƙasa ne. Labarin da ba rana, ba kasuwa, ba ma'auni, ajiye shi gefe. Na biyu, shafuka biyar kan kwafi sanarwa ɗaya, sai ɗalibi ya zaci shaidu biyar ya samu. Ki bi sawu zuwa wanda ya fara bugawa.

Duk labarin da kika buɗe ki adana shi PDF nan take da ranar da kika gan shi, shafukan nan suna ɓacewa. Manhajar Zotero kyauta ce, tana yi miki wannan har da jera manazarta.

Ɗalibar Marwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. In an ba ni kalmar sirrin Research4Life, zan iya shiga daga gida?

Ma'ajin Littafi:

Za ki iya, ki shiga ta shafin Research4Life ɗin kansa tukuna, daga can ki latsa mujallar. In kika tafi shafin mawallafi kai tsaye ba zai gane ki ba, zai sake neman kuɗi. Kada ki watsa kalmar a zauren WhatsApp, kada kuma ki sauke mujalla sukutum, don kan haka ake rufe wa jami'a gaba ɗaya.